A Fito da Mutum-mutumin Ɗalibai Gona

Babu manomin da bai san mutum-mutumi ba. Sanda biyu ne a gicciye, a rataya musu tsohuwar riga, a kifa ƙwarya ko fasasshiyar tukunya a sama, a kafa a tsakiyar gero don tsuntsaye su zaci mai gona yana nan. Yakan yi aiki kwana biyu ko uku. Daga nan sai tsuntsaye su gane ba ya motsi, har su riƙa sauka a kafaɗarsa suna hutawa.

To, yanzu akwai wani mutum-mutumi na daban wanda samari da 'yan mata masu koyon aikin lantarki suke haɗawa da hannunsu a manyan makarantu. Shi wannan yana ji, yana motsi, yana kuma zartar da abin da aka koya masa ba sai an tsaya a kansa ba. Kowace shekara ana haɗa irinsa a makarantun jihar nan da na maƙwabta, kuma da yawa daga cikin masu haɗawar 'ya'yan manoma ne, da kuɗin riɗi da gyaɗa aka sayo kayan. Amma in aka tambayi mai lambu a Warwade, ko mai alkama a ƙasar Ringim, ko ya taɓa ganin ɗaya a gona, da wuya ya ce i. Ɗalibi yakan haɗa abinsa, ya nuna wa malamai a kan tebur, a ba shi maki, sa'an nan a ɗora na'urar a kan kanta ƙura ta rufe ta. Hasarar ta mutum biyu ce. Manomi ya rasa mataimaki, ɗalibi kuma ya fita da takardar shaida bai taɓa ganin aikinsa ya gamu da rana da ƙura ba.

Yadda abin yake

Turawa suna kiran wannan na'ura robot. Kalmar ta fito daga wani wasan kwaikwayo da Karel Capek, marubuci na ƙasar Cek, ya rubuta cikin 1920, asalinta kuwa a harshensu aikin tilas take nufi. Kada mai karatu ya ɗauka dole sai abin yana da kai da ƙafa kamar ɗan Adam. Wanda aka fara sa wa aiki a masana'anta, a kamfanin motoci na General Motors a Amurka cikin 1961, hannu ɗaya ne rak na ƙarfe, aikinsa ɗauko ƙarfe mai zafi ya ajiye. A ƙasar Holan kamfanin Lely ya fito da mai tatsar nono cikin 1992, saniya ta shiga da kanta a tatse ta ba kowa a kusa. Cikin 2022 kuma kamfanin John Deere ya nuna tarakta mai huɗa ba direba a ciki.

Kowane iri, babba ko ƙarami, sassa uku gare shi. Na ɗaya abin ji, watau ɗan ma'auni mai gane zafi, ko danshi, ko haske, ko motsi. Na biyu ƙwaƙwalwa, watau wani ɗan allo na lantarki da bai kai tafin hannu ba, wanda ake rubuta wa umurni da kwamfuta, a ce masa in ka ji kaza ka yi kaza. Na uku gaɓa mai aiki, watau makunni, ko ɗan inji mai juyawa, ko ƙararrawa. Manomi da kansa haka yake aiki. Ya dunƙula ƙasa a hannu ya ji ta bushe, hankalinsa ya ce lokacin ban-ruwa ya yi, hannunsa ya ja igiyar inji.

Dā can sai manyan kamfanoni ke iya sayen irin wannan ƙwaƙwalwa. Amma cikin 2005 waɗansu malamai a garin Ivrea na ƙasar Italiya suka fito da ɗan allon nan da ake kira Arduino, musamman don ɗalibai, mai araha da sauƙin koyo. Shi da ire-irensa ne suka sa yaron da ubansa manomi ne a Kiyawa yake iya haɗa abin da a zamanin kakansa ko a mafarki ba a gani.

Inda ake koyo

Sa'ad da aka kafa Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, wanda ke son zurfin ilimin injiniya sai ya nufi Kano ko Zariya. Yanzu kuwa ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha a Dutse, ga ta Hussaini Adamu a Kazaure wadda ke hannun Gwamnatin Tarayya, ga ta Binyaminu Usman a Haɗeja wadda asalinta makarantar aikin gona ce. An buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse cikin 2011, tana kuwa da tsangayar aikin gona, an kuma kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura cikin 2021. A kan hanyar Kano akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, sa'an nan Jami'ar Bayero, inda har akwai sashe guda da ya haɗa ilimin lantarki da na inji da na kwamfuta wuri ɗaya. A cikin waɗannan makarantu akwai masu koyar da lantarki, akwai masu koyar da noma. Ga ilimin biyu kusa da juna, sai dai ba su cika gaisawa ba.

Karatun injiniya a jami'a shekara biyar ne. A shekara ta huɗu ɗalibi yakan tafi wata ma'aikata ya yi wata shida yana koyon aiki a aikace, bisa tsarin da hukumar ITF ta fara cikin 1973. A shekarar ƙarshe kuwa dole ya ƙera wani abu da hannunsa, ya rubuta kundi a kansa, ya tsaya gaban malamai ya kāre shi. A kwalejin fasaha shekara biyu ce ta ƙaramar difloma, a fita a yi shekara ɗaya ana aiki, a komo a yi biyu na babbar difloma, kowace kuwa da irin wannan aikin hannu ake rufe ta.

Malamai suna da hujja da suka matsa a kan aikin hannu. A kan takarda waya ba ta kwancewa, batir ba ya ƙarewa, lissafi kullum yana fita daidai. Sai ɗalibi ya kama dalma ya liƙa, ya kunna abin ya ƙi tashi, ya kwana yana neman inda kuskuren yake, sa'an nan ilimin ke zauna masa. A babbar makarantar fasaha ta MIT a Amurka, tun cikin shekarun 1970, Farfesa Woodie Flowers yakan ba kowane ɗalibi akwati mai kaya iri ɗaya, ya ce kowa ya ƙera na'urar da za ta yi wani aiki, a ƙarshe a kara su a gaban jama'a. Wanda ya fi dacewa da manomi kuwa shi ne abin da Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ta fara cikin 2003. Gasa ce ta ɗalibai wadda ake yi a cikin gonar masara ta gaske. Dole na'ura ta bi tsakanin layi da layi ba ta taka shuka ba, in ta kai ƙarshe ta juya da kanta ta shiga na gaba. A can ba a ba da maki don kyan fenti. Ƙasa ce alƙali.

Misali da ban-ruwa

Aikin da ɗalibai suka fi son ɗauka a fannin noma shi ne na'urar da ke ba shuka ruwa da kanta. Dabarar mai kyau ce, bukatarta kuma ta ƙaru tun ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Mai noman rani a faɗama ya san abin da wannan ya yi wa aljihunsa.

Ga lissafin da ya kamata kowane mai lambu ya riƙe. Ruwan da zurfinsa ya kai milimita 1 a kan hekta 1, lita 10,000 ne. In mutum ya ƙara santimita 1 kawai bisa abin da shuka ke bukata, watau bai kai kaurin ɗan yatsa ba, ya zubar da lita 100,000, daidai da ganga 500 ta lita 200. Duk da mai aka jawo su. Ba a nan hasarar ta tsaya ba, domin a ƙasa mai yashi irin ta jigawa ruwan da ya yi yawa yakan wanke takin zamani ya kai shi ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Watau an biya kuɗin mai don a ɓatar da kuɗin taki.

Na'urar ɗalibi tana da ɗan ma'auni da ake cusawa a ƙasa daidai zurfin saiwa. Shi ne ke aika wa ƙwaƙwalwa lamba. In lambar ta nuna bushewa sai a kunna famfo, in ta nuna an ƙoshi sai a kashe. A kan tebur, da ƙasa cikin bokiti, abin yana aiki sarai. Amma akwai tambaya guda wadda littafi ba ya amsawa: wace lamba ce bushewa? Yashin tudu da laka ta faɗama ba su riƙe ruwa daidai ba. Albasa saiwarta a sama take, tana son ruwa kaɗan kaɗan a kai a kai. Tumatir yana nitsa saiwa, yana jure tazara, amma in aka bar shi ya bushe sa'an nan aka malala masa ruwa sai 'ya'yan su tsage. Hanya ɗaya ce ta samun lambar gaskiya. Ɗalibi ya zo lambu, a yi ban-ruwa sosai, a bar shi ya tsane kwana ɗaya ko biyu, ya rubuta abin da ma'auni ya nuna. Sa'an nan ya jira ranar da mai lambu zai dunƙula ƙasa ya ce yau sai ruwa, ya sake rubutawa. Tsakanin lambobin nan biyu na'ura za ta yi aiki. Ashe ke nan ilimin da ake zuba wa ƙwaƙwalwar, rabinsa daga hannun manomi ya fito.

Akwai kuma wani abu da wanda bai je faɗama ba ba zai sani ba. Yawancin injunan ban-ruwa na nan masu shan fetur ne, da igiya ake tayar da su, kuma sai an cika cikinsu da ruwa kafin su fara ja. Ɗan makunnin lantarki ba ya iya jan igiya. Amma kashe inji abu ne mai sauƙi, waya ɗaya ce ake taɓawa da jikin ƙarfe. Saboda haka na'urar da ta fi amfani ga mai irin wannan inji ita ce wadda za ta kashe shi da zarar ruwa ya kai fangalin ƙarshe, ko kuwa da zarar rijiya ta ja baya inji ya fara zuƙar iska, abin da ke ƙona robar cikinsa. Wadda ke kunnawa da kashewa duka biyu sai ga mai famfon da ke aiki da farantin sola. Ɗalibin da ya yi hira da mai lambu rabin sa'a kafin ya sayi kaya zai san wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da gona ke yi wa na'ura

Ɗakin gwaji yana da inuwa da daɓe. Gona ba ta da ko ɗaya. Ma'aunin danshi mai arha, wanda ke da haƙora biyu na ƙarfe tsirara, tsatsa takan cinye shi cikin 'yan makonni, domin lantarkin da ke ratsa shi cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana narkar da ƙarfen. Gishirin taki ma yana ruɗa shi, ya nuna akwai ruwa alhali babu. Akwai wani iri mai rufi a jikinsa wanda ya fi daɗewa, amma shi ma sai an toshe kansa kada ruwa ya shiga. Ƙurar hunturu tana rufe farantin sola ta rage masa ƙarfi in ba a sharewa. Cikin watan Afrilu zafi a inuwa yakan wuce digiri 40, akwatin roba da aka bari a rana kuwa cikinsa ya fi haka nesa, batir ya kumbura ya mutu. Ɓera yana cin waya, gara tana cin katako, saniya tana taka abin da ta tarar, ɓarawo kuma ya san kuɗin batir.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya bayyana a ranar da ake ba da maki. Ga kuma saɓanin lokaci. Makaranta tana bin kalandarta, gona tana bin tata. Damina a ƙasar Dutse daga Yuni zuwa Satumba take, alkama ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba, tumatirin rani kuwa yana cin wata uku zuwa huɗu daga dashe zuwa ƙarshen tsinka. Ɗalibin da aka ba shi aiki bayan an girbe, aka ce ya kawo kafin a shuka, a ina zai gwada? Maganin abin shi ne a raba aikin tun ƙarshen shekara ta huɗu, a sa sharaɗi cewa na'urar noma sai ta yi kaka ɗaya cur a gona, da sa hannun mai gonar da malamin gona. Abin da ya lalace kuma a rubuta shi a kundi ba tare da jin kunya ba, a miƙa na'urar ga ɗalibin da ke biye ya ɗora daga inda aka tsaya. Yanzu kowace shekara daga tushe ake farawa, shi ya sa ba a yin nisa.

Ayyukan da ke jiran mai yi

Na farko injin ƙyanƙyasa. Zabuwa tana zuba ƙwai da damina amma ba ta da haƙurin kwanci, shi ya sa mata suke sa wa kaza. Kaza kuwa ƙwan da za ta iya rufewa kaɗan ne. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo 26 zuwa 28, zafin da ake so kimanin digiri 37 da rabi, a riƙa juya ƙwan sau da yawa a yini, a daina juyawa kwana uku kafin ƙyanƙyasa, a kuma ƙara danshi a lokacin. Duk wannan aiki ne da ƙaramar ƙwaƙwalwa ke iyawa. Amma zanen da ake kwafowa daga ƙasashen sanyi dumama kawai ya sani. A nan da bazara ɗaki yakan fi zafin da ƙwai ke bukata, saboda haka sai an koya wa injin sanyayawa. Da hunturu kuma iska ta bushe ƙayau, ɗan tsako ya maƙale a ɓawo ya mutu. Ga kuma ɗaukewar wuta, wadda in ta daɗe sai a yi hasarar ƙwan duka. Wanda ya warware waɗannan uku da kayan da ake samu a Kano, matan aure za su yi layi a ƙofarsa.

Na biyu korar tsuntsu. Masana sun ƙiyasta jan-baki ɗaya yana cin hatsi kimanin giram 10 a yini, watau garke mai miliyan biyu tan 20 ke nan. Babban garke irin wanda ke kwana a cikin kacala a kwarin Haɗeja ya fi ƙarfin kowace na'ura ta ɗalibi, wannan sai feshin jirgin sama na hukuma. Amma ɓarnar yau da kullum, wadda ke sa a tsayar da yaro a gonar shinkafa tun asuba yana jan igiya mai gwangwanaye yana ihu, ita tana da magani. Igiyar tana nan, gwangwanayen suna nan. Abin da ya rage ɗan inji mai fizgar igiyar da sassafe da la'asar, lokacin da tsuntsu ya fi ci. Sirrin shi ne kada ya riƙa fizga a kan ƙa'ida ɗaya, don tsuntsu yana da wayo, in ya gane tazarar sai ya saba. Duk yaron da aka sauke daga wannan aiki, makaranta ta samu ɗalibi.

Na uku awon bushewar hatsi. Masara da dawa ba a so a rufe su a buhu sai danshinsu ya sauko zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa da haka, gyaɗa da riɗi kuwa sun fi haka bukatar bushewa. In ba haka ba sai fumfuna, a gyaɗa da masara ma har da gubar da ba a gani da ido wadda ke sa a mayar da kaya daga ƙasashen waje. Ko buhun nan mai hawa uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007, wanda ke kashe ƙwari ba magani, ba ya gyara hatsin da aka zuba da danshi. Ɗan kasuwa a Shuwarin da haƙori yake gwadawa. Ma'aunin da ake shigowa da shi yana da tsada. Ɗalibin da ya ƙera mai araha, ya daidaita shi da gero da dawa da riɗi na nan, ya raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Darasin tukunyar Dutse

Ba sai an je nesa neman abin koyi ba. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba malami ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke Dutse, ya kuma fito daga gidan magina tukwane. Cikin shekarun 1990 ya lura da yadda kayan lambu ke ruɓewa a ƙauyukan da ba lantarki, har manomi ya sayar da arha don tilas, 'yan mata kuma su yini suna talla. Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana tsatsafowa ta jikin babbar tukunya iska tana busar da shi, yana tafiya da zafin ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. A gwajin da aka bayar da labarinsa, yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, alayyahu mai yaushi a yini ɗaya ya kai kwana 12. Da kuɗin aljihunsa ya sa magina suka yi guda 5,000 na farko aka raba a ƙauyuka. Da ya ga bayani da baki bai isa ba, ya shirya wasan kwaikwayo aka ɗauka, aka riƙa nuna shi da dare kamar majigi. Cikin 2000 aka ba shi kyautar Rolex, dabarar kuma ta bazu har Sudan da waɗansu ƙasashe.

Babu waya ko ɗaya a jikin tukunyar nan, amma ɗalibin lantarki zai ƙaru da ita fiye da littattafai da yawa. Daga kukan manomi aikin ya taso. Kayan haɗinta suna nan a gari. Wanda zai yi ta da wanda zai gyara ta duk maƙwabta ne. Mai ita kuma bai tsaya a bakin ƙofar makaranta ba, ya bi ta har ƙauye. Da wannan mudu ya kamata a auna kowace na'ura da aka ce ta noma ce. In ta lalace a Jahun, mai gyaran waya ko mai gyaran rediyo na Jahun zai iya tayar da ita? In amsar a'a ce, to, da sauran aiki.

Rabon kowa

Manomi shi ke da tambaya, saboda haka kada ya riƙe ta a ciki. Ƙungiyar masu noman rani ko ta masu shinkafa ta zauna ta fitar da matsala biyu ko uku da suka fi ci mata tuwo a ƙwarya, ta faɗe su dalla-dalla: inji iri kaza, rijiya mai zurfi kaza, shuka kaza. A ba malamin gona na hukumar JARDA ya kai wa shugaban sashen lantarki na makarantar da ta fi kusa. A ware fangali ɗaya ko biyu don gwaji, kada a ba da gona duka, kuma a bar na kusa da shi ana yi masa yadda aka saba don a ga bambanci da ido. Wanda ɗansa ko 'yarsa ke shekarar ƙarshe, kafin ya ba da kuɗin kayan aiki ya tambaya me za a ƙera, wa kuma zai amfana.

Ɗan kasuwa yana da rabo biyu. Shi ne ya san abin da jama'a za su iya saye da nawa, don haka shawararsa a kan farashi ta fi ta kowa. In kuma na'ura ta ci jarrabawar gona, shi ne zai sa jari a yi goma, a yi ɗari, mai walda ya yi akwati, ɗalibin da ya gama ya haɗa cikin. Da haka yaron da zai zauna jiran aikin gwamnati ya zama mai shago.

Akawu kuwa alƙalami ne nasa. Gwajin da ba a rubuta ba hira ce. A samu littafi a riƙa sa kwanan wata, da litar man da aka sha, da sa'o'in da inji ya yi, da kwandon da aka tsinka, a fangalin gwaji da na kusa da shi. Ranar da na'ura ta tsaya a rubuta, da dalilin. A ƙarshen kaka lissafi zai faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa kowa daɗi ba.

Malaman makaranta su ma da nasu. Kundin ɗalibi da Turanci ake rubuta shi, a ajiye a laburare. Ya kamata a haɗa da takarda biyu ko uku da Hausa, masu zane, da sunan kowane ƙarfe da inda ake sayensa. Wannan ba sabon abu ba ne. Isma'ila al-Jazari, injiniyan da ya yi aiki a Diyarbakir cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya gama littafinsa cikin 1206, ya bayyana na'urori 50, biyar daga ciki na ɗaga ruwa ne, kowace da zanenta da yadda ake haɗa ta, don mai sana'a ya karanta ya ƙera. Shi ya sa bayan shekara 800 har yanzu ana iya sake ƙera su.

Waɗansu za su ce in na'ura ta shigo gona 'yan ƙwadago za su rasa abinci. Irin waɗanda aka ambata a nan ba su noma, ba su girbi. Tsaro suke yi, watau tsaron inji, da tsaron ƙwai, da tsaron tsuntsu, ayyukan da ke cin dare da rana ba su ƙara wa kowa ko mudu. Hannun da aka 'yanta daga tsaro zai tafi inda ake bukatarsa.

Noman rani yana farawa da zarar ruwa ya janye daga faɗama. Ƙungiyar da ke son a gwada mata wani abu a wannan kakar, sai ta kai maganarta tun kafin a yi dashe, domin ɗalibi ya samu lokacin zuwa ya ga rijiya da inji da ƙasa kafin ya sayi ko waya ɗaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.